Lambar Alhaji ba ita ce hanyar ba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka gama karatun akanta, ka yi bautar ƙasa, kana so ka riƙa riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, kuma duk ɗaurin auren da ka je sai ka karɓi lambar manya, amma in ka kira ba a ɗauka. Ni sana'ata buga takardu ce a Kano, katin gayyata, rasit, kalanda, kuma yawancin masu ba ni aiki a wajen taro muka fara gaisawa. Bari in faɗa maka abin da na gani.

Ka lura da yadda ake yi da zarar an shafa fatiha. Kowa sai ya miƙe ya nufi Alhaji, ana turereniya, shi kuma yana miƙa hannu yana "madalla, madalla", idonsa na kan motarsa. A wannan halin ka ce ya ba ka lamba, zai ba ka don kunya, amma kafin ya kai bakin titi fuskarka ta ɓace masa. Ba wulaƙanci ba ne. Mutum ɗari ya gaisa da su a cikin minti goma. Wanda ya kamata ka nema shi ne wannan da ke tsaye a bayansa riƙe da wayoyinsa, ko babban yaron shagonsa da ke zaune kan tabarma ƙarƙashin rumfa yana jiran a kawo abinci. A Kantin Kwari, da Singa, da Dawanau, waɗannan su suka san littafin bashi ya rikice, su suka san an yi faɗa da mai kawo kaya a kan lissafi, kuma maganarsu ce ke shiga kunnen maigida da daddare bayan an rufe shago. Sa'anninka ne, ba sa sauri, kuma ba kowa ke kula su ba.

Ka zauna kusa da irinsu, ku ci abinci tare, ka tambaye shi yaya kasuwa, sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka fara da "ina neman aiki". Duk wanda ya ji wannan kalmar jikinsa sanyi yake yi, don ya san nauyi za a ɗora masa. In ya tambaye ka me kake yi, ka ba shi amsar da zai iya maimaitawa ga wani: ina tsara wa masu shago littafin shige da fice, su san ribarsu da bashin da suke bi. Shi ke nan. Kuma kana da abin bayarwa a hannunka ba ka sani ba. Tun da aka sa hannu kan sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, 'yan kasuwa da dama ke cikin zullumi, ba su san abin da ya hau kansu da wanda bai hau ba. Ka karance su da kyau. Idan hira ta biyo ta nan ka warware wa mutum abu ɗaya a cikin Hausar da zai gane, kyauta, to shi da kansa zai ce ba ni lambarka.

Abin da ya fi duk wannan ƙarfi shi ne a gabatar da kai. Mu nan kafin a tambayi takardarka ana tambayar ɗan gidan waye kai, wa ya san ka. Kafin ranar biki ka samu kawunka ko wani yayanka da ke da mutunci a wajen, ka ce masa don Allah in an watse ya haɗa ka da wane. In ya kama hannunka ya ce "Alhaji, wannan ɗana ne, lissafi ya karanta, yaro ne mai amana", ya yi maka abin da kati dubu ba zai yi ba. Ina faɗin haka duk da cewa buga kati ne abincina. Sai dai ka sani ya jingina sunansa a kanka, in ka ɓata, shi ka ɓata wa.

Ka zama mai amfani a wurin ma. Mai shimfiɗa tabarma da raba abinci ya fi wanda ya zo ya harɗe yana danna waya shiga ran masu gida.

Wajen ta'aziyya kuwa, ina roƙonka, kada maganar aiki ta fito daga bakinka ko da wasa. Na ga saurayin da ya zaro kati a zaman makoki ya miƙa wa ɗan mamaci, har yau in an ambace shi a unguwar da wannan ake tuna shi. Ka je, ka yi addu'a, ka tashi. Zuwan ma ba a mantawa da shi.

Kada kuma ka tsaya a biki kaɗai. Akwai taron tsofaffin ɗaliban makarantarku, akwai zaman da reshen ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN, ke yi, akwai baje kolin da KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, ke shiryawa a titin gidan Zoo, da na Kaduna. A baje koli ka je da hantsi a ranar aiki, lokacin masu rumfa na zaune babu cunkoso, za ka samu mai kayan da kansa.

Washegarin haɗuwarka da mutum ka aika saƙo, kada ka bari ya kwana biyu. Ba "salam" kaɗai ba, ba filashin ba, ba kira bayan isha ba. Ka rubuta sunanka, inda kuka haɗu, wanda ya haɗa ku, da maganar da kuka yi. Bayan 'yan kwanaki ka tambayi yaronsa lokacin da maigida ya fi samun sarari, ka taka har shagon ka gaishe shi, ka tafi ba tare da ka roƙi komai ba. Watakila sai zuwa na biyu ko na uku zai jawo wani tsohon littafi ya ce duba min wannan. Ka karɓa, ku yi maganar kuɗi a fili tun kafin ka fara, ka mayar ranar da ka ce. Abin da ka gani a ciki kuwa, ko wanda ya haɗa ku kada ya ji daga bakinka.