Mashigin Suwes: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Ruwa

Wani mai karatu daga Damagaram ya ce yana jin 'yan rediyo suna cewa "mashigin Hurmuz", su kuma ce "mashigin Suwes". Abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan cakuɗa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mashigi a bakin Bahaushe wuri ne a kogi inda ruwa bai yi zurfi ba, inda mutane da shanu ke shiga su haye. Da aka zo fassarar labarai sai aka ara wa matsatsin teku kalmar, ba laifi. Amma Hurmuz, matsatsin tekun da ke tsakanin Iran da Oman, haka Allah Ya halicce shi, Suwes kuwa hannun mutum ne ya haƙa shi. An sara ƙasa a Bur Sa'id ta ƙasar Masar ranar 25 ga Afrilu 1859, bayan Sa'idu Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ya ba Bafaranshen nan Ferdinand de Lesseps izini a 1854, ba a buɗe ba sai 17 ga Nuwamba 1869. Shekara goma ana tonon rairayi domin a haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, yau tsawonsa ya kai kilomita 193. Wanda ya kira su biyun da suna ɗaya bai ƙara komai ba, ya shafe gumin da ya zuba a wurin. Ni dai a farkon labari nakan ce "haƙaƙƙiyar hanyar ruwa ta Suwes", daga nan in ci gaba da mashigi. Masu cewa "magudanar Suwes" kuwa, don Allah su bari. Magudana ta ruwan wanke-wanke ce da ruwan sama a bayan gida, jirgin dakon kaya ba ya bin ta.

Tun da mun shiga zancen, kada a ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Tun zamanin Fir'aunoni aka tona hanya daga Kogin Nilu zuwa Bahar Maliya, Dariyus sarkin Farisa ya kammala wata. Ta cike da rairayi, sai Amru ɗan Asi ya sake tone ta a zamanin Sayyidina Umar domin kai hatsin Masar Hijaz, aka sa mata suna Khaliju Amirul Muminina. Halifa Mansur na Abbasiyawa ne ya sa aka toshe ta daga baya. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan.

Wata malamar makaranta a Kumasi ta ga an rubuta cewa Misirawa sun haƙa Suwes ta hanyar "aikin gayya". Daidai ne?

Sam. Gayya gayyata ce: mai gona ya kira, a zo don zumunci, a yi kiɗa, a sha fura, gobe shi ma ya je ta wani. Manoman Masar da aka riƙa kwasowa dubbai daga ƙauyuka a shekarun farko ba gayyatarsu aka yi ba, kora su aka yi da ikon hukuma, da yawa cuta da ƙishirwa suka kashe su, har aka dakatar da tsarin wajen 1864 aka koma ga injunan tono. Sunan wannan aikin tilas. Kakanninmu ma suna da nasu sunan, "ɗiban gwamna", tun lokacin da aka kwashe su aikin hanyar jirgin ƙasa da haƙar kuza a Jos. Sakacin kalma ɗaya ya mayar da zalunci taimakon juna.

Daga Garwa: "mashigin" ko "mashigar"?

Duka biyu. Mashigi namiji, mashiga mace. A riƙe guda har ƙarshen jimla.

Wani ɗan kasuwa a Kano ya nemi ma'anar "hanyar lafiya a bi ta da shekara", yana tambaya ko kwaɗaitar da jinkiri take yi.

A'a, fifita tsira take yi a kan sauri. Suwes ya rage wa jiragen Turai da Asiya zagayen ƙasan Afirka, amma da yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya rufe shi, shekara takwas jirage suna zagayawa, sai 5 ga Yuni 1975 aka sake buɗewa. Haka a Maris 2021 da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta ya tare hanya kwana shida, wasu masu jiragen suka juya akala suka bi ta kudu. Ba a faɗin maganar ga malalaci, ana faɗin ta ga mai gaggawar da ke shirin jefa kansa a halaka.

Me ya sa muke cewa Bahar Maliya?

Ina tare da masu mayar da ita ga Larabcin "malih", wato mai gishiri. Alhazanmu na ƙasa da suka bi ta Sudan suka hau jirgi a Sawakin zuwa Jidda sun san ta tun kafin jirgin sama.

Tambayar ƙarshe daga Yamai: me ake kiran kuɗin da jirgi ke biya in zai wuce, kuma wa ke karɓa?

Kuɗin fito, kamar yadda ake biyan mai kwalekwale. A da kamfanin Faransawa da Turawan Ingila ke karɓa, musamman bayan bashi ya sa Isma'ilu Basha, mai mulkin Masar, ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a 1875 kan kusan fam miliyan 4. Cin bashi da daɗi, biya da wuya. Ranar 26 ga Yuli 1956 shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya tsaya a Iskandariyya ya mayar da kamfanin mallakar ƙasa, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo yaƙi, aka tilasta musu janyewa. Tun daga nan hukumar Masar ke karɓa.