Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Samun Iri da Dashe na Gaskiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki a nan Kano, na jera buhuna na cika su da ƙasa da taki. Sau biyu ina sayen irin tumatir na ƙulli a kasuwa. Na farko bai tsiro ba sam, na biyu ya fito amma 'ya'yan 'yan mitsi-mitsi. Ina zan samu iri mai kyau? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma kada ki karaya. Ni ma na taɓa zuba irin albasa da na saya a bakin hanya, na yi mako uku ina ban ruwa safe da yamma, ko tsinke bai leƙo ba. Iri abu ne mai rai, zafi da laima suna kashe shi. Ƙullin da ya yi watanni a kan tire cikin ranar bazara ya gama yawo, ko da asalinsa nagari ne. Na albasa ma ya fi saurin mutuwa, da ya haura shekara ƙarfinsa ya ragu sosai.

Wanda ya ba ki ƙananan 'ya'ya kuwa, ina kyautata zaton daga tumatirin kasuwa aka matse shi aka shanya. Akwai irin da kamfanoni ke haɗawa daga iyaye biyu, za ki ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa. Shukar farko tana yin albarka, amma in aka ɗebi iri daga 'ya'yanta, abin da zai fito ba ya kama da uwar. In kina son wanda za ki riƙa ajiye irinsa da kanki, nemi UC82B ko Roma VF, masu lambu sun daɗe da saninsu.

Ki je shagon kayan gona mai mazauni, wanda gobe in kin koma da ƙorafi za ki tarar da shi. Ki duba inda yake ajiye irin: a inuwa ne ko a bakin ƙofa rana na dukansa? Ki karɓi fakiti ko gwangwanin da ba a fasa ba, mai sunan kamfani da ranar da zai lalace. Premier Seed da Value Seeds duk a Zariya suke, East-West Seed kuma tana da irin kayan lambu a ƙananan fakiti. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta fito da tambarin SeedCodex, wanda ake kankarewa a tura lambar ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. In kin gan shi a fakiti, ki kankare tun kina shagon.

Kafin ki zuba, ƙirga ƙwaya 10, naɗe su a tsumma mai danshi, sa a leda a ajiye a ɗaki. Bayan kwana 7 zuwa 10 ki buɗe. In 8 sun fitar da farar saiwa, bismillah. In 3 ne ko 4, mayar wa mai shagon kayansa.

Su rama da yakuwa da alayyahu da kuɓewa ba sai kin nemi kamfani ba. Mai lambun da kika ga shukarsa da idonki ya fi miki, kuma sau da yawa kyauta zai damƙo miki, musamman in kina da wani a wajen Kura ko Kadawa.

Tambaya: Malam, ina son dasa mangwaro a tsakar gida. Masu sayarwa a gefen titi kowa cewa yake nasa mai aure ne. Yaya zan gane? Daga wani magidanci.

Amsa: Alhaji, tsuguna ka duba ƙasan karan. Mai aure yana da tabo a inda aka haɗa reshe da gindi, kamar tafi ɗaya ko biyu daga ƙasa, wani lokaci ma da sauran ledar da aka ɗaure shi. In kara ya miƙe sumul, daga ƙwallo ya fito, kuma zai iya kai shekara 6 ko fiye kafin ka ci ɗansa, alhali mai aure yakan fara a shekara 3 zuwa 4. Ɗaga ledar da aka raini dashen a ciki ka ga gindinta: in saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, ya daɗe a wurin, zai sha wuya bayan dashe. Tambaye shi sunan mangwaron da inda ya yanko reshen. Wanda ya yi auren da hannunsa ba ya inda-inda. In Bagauda ta jihar Kano ba ta yi maka nisa ba, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a can, ka leƙa ka yi tambaya. Ka bari sai damina ta kankama ka dasa da yamma, duk tohon da ya fito ƙasa da tabon auren kuma ka cire shi.