Tambaya da Amsa: Sinadarin gano cuta daga jikin zomo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon zomaye a wani ƙauye kusa da Gwaram. Yarona da ke koyon aikin ɗakin gwaji ya ce akwai sinadarin gano cuta da ake samowa daga zomo. Jininsa ake ɗiba? Kuma za a sayi irin nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka bai yi ƙarya ba, akwai wanda ake tacewa daga jini, sai dai a hanyar da zan bayyana maka ba jinin ake nema ba. Duk baƙon abin da ya shiga jiki, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B sukan ƙera masa antibodi, sinadarin da ke manne masa. Jini cakuɗe yake da antibodi iri-iri. Da irin wannan ake haɗa maganin saran maciji daga jinin doki ko tunkiya. Mai gwaji kuwa sau da yawa iri guda tak yake so, wanda na bana zai zama daidai da na baɗi.

Sai a yi wa zomo allurar abin da ake son ganowa, haɗe da sinadarin zaburar da garkuwar jiki, a maimaita bayan 'yan makonni. Ana ɗibar jini kaɗan a jijiyar kunne ana auna yawan antibodin. In ya kai, a ciro saifa a tace ƙwayoyin B.

A nan aikin yake. Ƙwayoyin ba sa daɗewa a wajen jiki, shi ya sa ake haɗe su da ƙwayar cutar kansa (daji), wadda ba ta daina hayayyafa, ta hanyar sinadarin PEG. Ruwan rainon da ake kira HAT yakan kashe ƙwayoyin kansar da ba su haɗu ba. Waɗanda suka haɗu a rarraba su a faranti mai ramuka 96, a yi ta tsinkawa har rami ya zama zuriyar ƙwaya ɗaya, kamar manomin da ya ware zangarniya guda ya mai da ita iri. Ƙwayoyin ramin da antibodinsa ya fi kamu su ake ajiyewa a daskare, don a riƙa samun antibodin daga gare su.

Köhler da Milstein suka fara wannan a Ingila a 1975, da ɓera. Na zomo sai 1995 a Jami'ar Loyola ta Shikago, saboda an sha wahalar samun ƙwayar kansar zomo da ta dace. Wahalar ta biya, don antibodin zomo sau da yawa ya fi na ɓera riƙo da ƙarfi, har ana amfani da shi wajen gwajin furotin da ake kira HER2 a naman kansar mama. Yanzu ma wasu kan kwafi ƙwayar gadon da ke ƙera antibodin daga ƙwayar B guda, ba sai an yi haɗin ba.

Batun ciniki kuwa, kada ka sa rai. Galibi farin zomo nau'in New Zealand White ake amfani da shi, wanda aka raina a killataccen ɗaki, an san iyayensa, an tabbatar ba ya ɗauke da cuta. Naka kasuwarsu ta masu nama ce da masu neman iri.