Sujadar asuba: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata. Na ƙi amsa maka ta waya ne don irin wannan magana ba ta son gaggawa. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririya. Mamanku, uwargidana, tana gaishe ku.

Ka ce tun zuwanka gidana kake ganin ana tayar da kowa da asuba a yi sujada, a haddace aya, a yi azumi a farkon kowane wata, kana so ka sani ko umarnin Allah ne ko kuwa al'adar mutanenmu ce kawai. Ka kuma ce yanzu aiki ya zauna, an biya hayar shekara, ba mai ciwo a gida, to me zai sa ka takura wa iyalinka a garin da mutum yake fita ƙarfe biyar don ya riga cunkoso. Na ji daɗi da ka tambaya. Da yawa daga cikin tsararrakinka sun ajiye abin ba tare da sun tambayi kowa ba.

Lokacin dai al'ada ce, ba zan ɓoye maka ba. Babu ayar da ta ce sai ƙarfe biyar. Markus ya ba da labari a sura ta 1 cewa Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, amma bai kafa mana shi doka ba. Kakanninka a ƙasar Malumfashi manoma ne, hantsi a gona yake samunsu, da dare kuma gajiya ba ta barin kowa ya saurari karatu. Asuba ce kaɗai lokacin da gida yake cike. Haddar ma tana da dalili. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, amma har zamanin ƙuruciyata guda ɗaya ne a gidanmu, a naɗe cikin tsumma a ƙasan adaka saboda gara. Kakanka ne kaɗai ya iya karatu. Ya karanta, mu maimaita, mata su tafi da ayar bakin rijiya. Wanda ba shi da littafi a hannu dole ya ajiye shi a ka.

Saboda haka in ka sauya lokaci ba ka yi zunubi ba. Inda ban yarda da kai ba shi ne da ka ce tunda lafiya lau ake, abin zai iya jira. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma da bakin nan nawa.

Kai ka zo hannuna ne bayan abin da zan ba ka labari ya faru, shi ya sa ka ɗauka haka gidan yake tun asali. Shekarun da na fi samun sukuni a Legas, ina aikin tuƙi a wani kamfani, muna zaune a Mafoluku, su ne shekarun da na yi watsi da sujadar gida. Ina zuwa majami'a kowace Lahadi, ina ba da zakka, har an sa ni cikin masu karɓar baiko. Amma Littafina a aljihun mota yake kwana daga Lahadi zuwa Lahadi. Mamanku ce take tashi ita kaɗai, ta kunna fitila ƙasa-ƙasa don kada ta tashe ni, ina jin motsin bakinta ina juya baya.

Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, da yamma, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta. Ƙarar farko ta zubar da gilashin tagarmu. Ba wanda ya san me ake ciki, wasu na cewa yaƙi ne, wasu juyin mulki. Muka fito da gudu, ni da yaro a kafaɗa, mamanku da goyo, tana jan yayarka da hannu, ƙafarta ba takalmi. Mutane fiye da 1,000 suka rasu a ranar, mafi yawansu a ruwan Oke-Afa, wajen da jama'a suka nufa cikin ruɗani. Mu Allah ya sa muka karkata wata hanya muka raɓe a bayan katangar wata makaranta. A nan na buɗe baki zan yi addu'a, ɗana, ban sami komai a ciki ba sai "Yesu, Yesu." Allah yana jin wannan ma, ban ce ba ya ji ba. Amma yara suna kallona, jikina yana rawa fiye da nasu. Mamanku ta rungume su ta fara Zabura 121 da ka, daga farko har ƙarshe, ta shiga ta 91, ta koma ta 23, muryarta ba ta ko girgiza ba. Yayarka ta kama bin ta, don a bayanta ta koya ina barci. Mun kwana gida ɗaya shekara goma sha ɗaya, ita tana zuba hatsi a rumbu, ni ina cin na hannu. A daren nan na gane abin da kakanka yake nufi in ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka duba Daniyel sura 6. Da aka sa hannu a dokar hana addu'a, ya hau bene, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana, marubucin kuma ya ƙara da cewa kamar yadda ya saba yi. Wannan 'yar maganar ce take kama ni kullum. Ramin zakoki ya tarar da gwiwar da ta riga ta yi kanta. Sarki Asa ma, a Tarihi na biyu sura 14, da ƙasa ta sami hutu sai ya ce wa mutanen Yahuza su gina garuruwa da garu da ƙofofi tun ƙasar tana hannunsu. Bayan haka ne rundunar Zera ta taso musu. Dawuda kuwa ya ci Goliyat, ya jure gudun hijira daga Shawulu, amma inda ya faɗi shi ne a kan rufin gidansa, da yamma, bayan ya tashi daga barci, sojojinsa suna bakin daga.

Kai ma ka ga wani abu da idonka a 2020, da aka rufe majami'u watanni saboda korona. Gidajen da suka saba sujada tare suka ci gaba, maigida ya zama fasto, uwargida ta ba da waƙa. Wasu kuwa suka zauna jugum suna jiran a buɗe ƙofa, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba.

Na san Legas, na yi tuƙi a cikinta shekara ashirin da shida. Daga Agege zuwa wurin aikinka a tsibiri ba wasa ba ne. In asuba ba za ta yiwu ba, ku tsayar da bayan tuwon dare, amma ku tsayar da shi, kada ya zama sai an ga dama. Minti goma sha biyar ya isa: waƙa ɗaya, karatu kaɗan, kowa ya yi addu'a, har maiɗakinka, kada ka riƙe bakin kai kaɗai. Ku ɗauki littafi guda ku bi shi a jere, ku fara da Markus. Ku karanta da Hausa ko da a ofis Turanci kake yi, domin in tsoro ya kama mutum harshen uwarsa ne yake fitowa. Awa biyun da kake yi cikin bas, aya ɗaya a 'yar takarda cikin aljihun riga ta ishe ka juyawa. Ban hana ka karatu a waya ba, sai dai na lura wayar takan ja mutum wani wuri kafin ya kai aya ta uku.

Azumi kuma, yawancinmu sai an shiga uku muke tunawa da shi, kamar muna so mu murɗe hannun Allah. Gwada shi yanzu da ba ka neman komai, yini ɗaya a wata, kuɗin abincin ranar ka kai wa wani. Akwai 'yan'uwa da suka gudo daga gida saboda 'yan bindiga suna gadi a unguwarku, ba sai na nuna maka su ba. Maiɗakinka kada ta yi tunda tana shayarwa.

Jaririya kuma kada ku ce ba ta san komai ba, ku ajiye ta a cinya in kuna waƙa. Yayarka ba ta kai shekara bakwai ba a daren da na ba ka labari.

In kun taso sujada ranar Lahadi ku biyo ta gida. Littafin kakanka yana wurina, bangon ya rabu amma takardun suna nan, da alamun da ya yi da fensir a gefen Zabura. Ina so ka gan shi, in kuma za ka riƙa buɗe shi, ka tafi da shi.

Kawunka