Filin Tambaya da Amsa: Fargabar ɗalibaina ta ragu, me ya sa malamina bai gamsu ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin ba da shawara da jagoranci. Na raba wa 'yan ajin ƙarshe na wata sakandaren 'yan mata takardar auna fargabar jarrabawa, na ware 30 da makinsu ya fi yawa, na yi zaman shawara da su na mako shida. Da na sake aunawa, makin ya sauka sosai. Amma malamin da ke duba aikina ya ce wannan bai tabbatar da komai ba. Ina gizo ke saƙar?
Wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malaminki ya faɗi gaskiya, 'yar uwa, kuma matsalar ta samo asali tun daga yadda kika zaɓi yaran. Cikin waɗanda suka fi kowa maki a ranar farko, akwai wadda ba ta yi barci ba, akwai wadda aka yi wa faɗa a gida da safe. Idan aka sake auna su bayan mako shida, ko ba a ce musu uffan ba, makin da yawansu zai sauko kusa da na sauran 'yan ajin. Francis Galton ya bayyana wannan tun 1886, lokacin da ya lura cewa 'ya'yan dogaye ƙwarai ba su cika kai iyayensu tsawo ba.

Sai kuma kara. Yarinyar da ta yi mako shida tana zama da ke, tana kiranki Anti, za ta ji nauyin rubuta cewa ba ta samu sauƙi ba, musamman idan ke ce kike tsaye kanta da takardar.

Wannan gardama tsohuwa ce a ilimin halayyar ɗan Adam. A 1952 Hans Eysenck na Ingila ya yi iƙirarin cewa kusan kashi biyu bisa uku na masu lalurar fargaba da damuwa kan warware cikin shekara biyu ko ba a yi musu komai ba. Sai a 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375 masu rukunin kwatanci, wato mutanen da ba a yi musu zaman ba don a kwatanta su da waɗanda aka yi wa, suka nuna cewa zaman shawara yana da amfani. Da rukunin kwatancin suka iya ba Eysenck amsa, kuma shi ne babu a aikinki.

Ga gyaran. Ki tara duk waɗanda suka cancanta, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wani daban ya shirya ambulan masu lamba, waɗanda ba a hango cikinsu, kada ki san rukunin da yarinya za ta faɗa sai an buɗe. Rukuni ɗaya ya fara zama, ɗayan ya jira, a auna su rana ɗaya, kuma mai aunawar kada ya san wa ke wane rukuni. Masu jira su ma haƙƙinsu ne a yi musu zaman bayan an kammala.

Yawa ma abin dubawa ne. Don gano bambanci matsakaici, lissafin da aka saba yana neman mutum 64 a kowane rukuni, wato 128. Idan kina tsammanin ɗaya cikin biyar za ta daina zuwa, ki fara da 160. Manhajar G*Power kyauta ce, za ta yi miki wannan lissafi. Waɗanda suka daina zuwa kada ki goge sunansu, domin sau da yawa su ne waɗanda zaman bai amfana ba. Ki bi su ki auna.

A makarantar kwana akwai wani tarko: 'yan rukunin zama za su koya wa ƙawayensu dabarun a ɗakin kwana, bambancin ya dushe. Ana iya yin ƙuri'ar a kan azuzuwa ko makarantu, sai dai hakan na buƙatar ɗalibai fiye da adadin da muka ambata. Kafin komai, ki samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da sa hannun iyayen duk wadda ba ta kai shekara 18 ba. Aikin da kika riga kika yi bai tafi a banza ba, ki rubuta shi a matsayin gwajin share fage.

TAMBAYA: Na yi amfani da PHQ-9, takardar tambayoyi ta auna alamun ciwon damuwa, a bincikena. Zan iya rubuta cewa duk wanda ya samu maki 10 yana da ciwon damuwa?
Wani ɗalibi, Katsina

AMSA: A'a, Malam. Tambayoyi tara ne kan mako biyu da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 10 zuwa sama alama ce ta a tura mutum wurin ƙwararre, shi zai yi hira da shi ya yanke hukunci. Ka rubuta "masu alamun ciwon damuwa". Ka kuma duba tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, tun mai amsawa bai bar wurin ba. Duk wanda ya ba ta maki ko da 1 ne, a zauna da shi a ranar, kuma ka tanadi asibitin da za ka tura shi tun kafin ka raba takarda ta farko.