Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Jami'in Kare Bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, na karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ran kasuwarmu na sayi ƙosai, sai aka ƙunso mini shi a kwafin takardar NIN ta wata baiwar Allah, ga hotonta ga lambarta, mai ya jiƙe sunan. Abokina ya ce akwai jami'in da aikinsa shi ne hana faruwar irin wannan. Da gaske ne, kuma ta ina ake shiga aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma abin da ka gani ya sosa mini rai, domin mai takardar nan ta miƙa ta ne bisa amana, wataƙila wajen rajistar layin waya ko neman tallafin taki.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC). Dokar ta wajabta wa manyan ma'aikatun da ke riƙe da bayanan jama'a masu yawa, irin su bankuna da kamfanonin sadarwa, su naɗa wannan jami'i, ko dai daga cikin ma'aikatansu ko kuma a ɗauko shi daga waje bisa kwantiragi. Shi ke ba shugabanni shawara, ya sa ido a kan yadda ake karɓar bayanai da adana su, sannan shi ne tsani tsakanin ma'aikatarsa da hukumar. Idan aka yi kutse ko bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72, tarar babbar ma'aikatar da ta karya dokar kuwa tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Digirinka zai taimaka, amma a ganina bai isa ba. Wanda ya fi dacewa da kujerar nan shi ne wanda zai iya duban maigidansa cikin ladabi ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan bayanin ba mu da hurumin karɓarsa," ko da maganar ba za ta yi daɗi ba.

Ka fara da karanta dokar kanta, sannan ka nemi horo daga cibiyoyin da NDPC ta amince da su. Guraben aikin sun fi yawa a Kano da Abuja da Legas, sai dai kana iya koyon hannu tun daga gida: ka je wurin ƙungiyar manoman garinku ka taimaka musu su kulle rajistarsu, su daina karɓar kwafin da ba su bukata. Takardar ƙosan kuwa, idan tana hannunka, ka ƙona ta.