Yaya, ba janareto ba ne, murhun gashi ne

Yaya, na ga saƙonka tun shekaranjiya. Na ƙi kiranka ne don na san halinka, kafin in kai aya ka katse ni da dariya. Hoton da yara suka saka a zauren dangi shi ya jawo mini: ina tsaye da ƙyallen kuku a ƙirji gaban wani ƙaton ƙarfe mai ƙyalli. Ka ce ko janareto na saya, ka ce ko matata Ba'amurkiya ta gama da ni har ta miƙa mini ludayi na zama "mijin ta ce", sannan ka rufe da cewa naman da bai ga garwashi ba dafaffe ne, ba gasasshe ba. Duk ukun sun shiga, shi ya sa na zauna na rubuta.

Murhun gashi ne mai amfani da gas, kuma a tsakar gida yake. Na ce tsakar gida ne da gangan. Ginin nan ba irin wanda ka sani ba ne, filin gida a baya yake, an kewaye shi da katangar katako. Ka tuna shekarar da babbar 'yata ta ɗauki wayar Hajiya, Allah ya ji ƙanta, ta fassara maganar Turanci kai tsaye ta ce Baba yana gasa nama a bayan gida? Hajiya ta yi ta salati, sai da na karɓi wayar na yi bayani. Tun daga ranar na hana wannan fassarar a gidana.

Gas ɗin da ake gashi da shi a nan iri biyu ne. Akwai na silinda, wanda ka sani. Akwai kuma na bututu, wanda kamfani ke turowa ta ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan famfo, da shi ake ɗumama gida da ruwan wanka, a biya a ƙarshen wata. Nawa na bututu ne. Ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Na silinda ya fi ƙarfi, a awo ɗaya yana ba da zafi fiye da ninki biyu na na bututu, don haka ƙofar da gas ke fita a murhun bututu ta fi faɗi. In mutum ya yi ganganci ya haɗa silinda da murhun bututu, wuta za ta tashi fiye da kima. In ya yi akasin haka, ya samu 'yar wutar da ba ta ko narka kitse. Tun a shago ake zaɓa, kuma ba kowane kamfani ke yarda a sauya daga baya ba. Wani bambancin da ya kwantar mini da hankali: na bututu ya fi iska sauƙi, in ya tsiyaya sama yake yi ya watse, na silinda kuwa nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya ya taru.

Abin da ya raba ni da silinda kunya ce. Wata Babbar Sallah, mutum ya fi arba'in a gidana, cinyar rago tana kan wuta ta yi rabi, sai na ji murhu ya yi fuf ya mutu. Na ɗaga silindar, fayau. Haka na bar baƙi na shiga mota da babbar riga ina neman inda ake musanya. Daga baya na yi lissafi. Ana auna zafin murhu da wani ma'auni da ake kira BTU. Cikakkiyar silinda mai laba 20 tana da kusan dubu 430, babban murhu kuwa in ka buɗe bakunansa duka yana iya shan dubu 60 a awa ɗaya, ka ga awa 7 ke nan. Su kuma masu musanya yawanci laba 15 suke zubawa, ya koma awa 5 da 'yan kai. Ga mai iyali huɗu wannan ya isa wata guda. Ga gidan da ake cewa "mu haɗu wajen Alhaji" bai kai la'asar ba.

Girman da ka yi wa dariya, ga dalilinsa. Mu a nan Houston ba unguwa ɗaya muke ba, ba mu da zango, wani sai ya yi tafiyar awa guda a mota kafin ya ga wanda zai ce masa ina kwana. Sallah kuma in ta faɗo ranar aiki, a yi idi a koma ofis, sai Asabar ake cin ta. Ba a yanka a gida a unguwarmu, gona muke zuwa wajen gari a yanka a feɗe, mu dawo da nama cikin akwatin ƙanƙara. Daga nan kowa ya nufo gidan da ke da fili da murhu: 'yan Nijar, 'yan zangon Ghana da Hausarsu mai daɗi, na Kamaru, ɗaliban jami'a da ba su da kowa. Masu zama a gidajen haya na bene ba su da damar yin nasu, don dokar kashe gobara ta hana kunna irin wannan wuta a baranda. Murhuna baki 6 ne, faɗin wayar gashin ya kai inci murabba'i 650, kuma ranar Sallah sai an yi sahu uku.

Da zan saya, surukina ne ya raka ni. Tsoho ne baƙar fata ɗan gabashin Teksas, ya yi shekaru yana aikin walda. Da muka shiga shago ban ga ya kalli takardar talla ba. Sai ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu, irin wanda ake liƙawa a jikin firji, yana bin murhu ɗaya bayan ɗaya yana mannawa. In ya kama, ya girgiza kai. Ya ce ƙarfe marar tsatsa suna ne kawai, akwai mai lamba 304, akwai mai lamba 430. Mayen ƙarfe yana kama 430, ba ya kama 304, kuma 304 ne ke jure danshi. Garinmu kusa da teku yake, iska a jiƙe take rabin shekara. Murhuna na farko, mai araha, shekara uku ƙasansa ya zube kamar garin jar ƙasa. Bayan haka ya ɗaga murfi ya saki don ya ji nauyinsa, ya ciro wayar gashin ya auna a hannu, ya durƙusa ya leƙa inda maiƙo ke taruwa ya ga ko tiren yana fita da sauƙi. Ya ce yawancin murhun da ke kamawa da wuta, maiƙon da aka bari ne.

Lambar BTU da suke rubutawa da manyan baƙaƙe kuwa, ya ce kada ta ruɗe ni, tana nuna yawan gas da murhu ke sha ne, ba zafin da ke isa ga nama ba. A raba ta da faɗin wayar, in ta faɗa tsakanin 80 da 100 a kowane inci, ya isa. Nawa ya ba da 92. A kula kuma, wasu suna haɗa lissafin da ƙaramin bakin gefe da shantar ɗumame ta sama don lambar ta kumbura. Sauran ya rage ga kaurin murfi da yadda wutar ke bazuwa. Ranar da aka haɗa, ya sa na jera yankan burodi a kan wayar daga wannan kusurwa zuwa waccan, muka kunna na ɗan lokaci, muka juya su. Na baya sun yi baƙi, na gaba ta hagu ko ja ba su yi ba. Har yau a wannan kusurwar nake ajiye abin da ya riga ya gasu.

Haɗawar ba aikin da mutum ke yi da kansa ba ne. Sai ma'aikacin famfo mai lasisi, ya duba ko bututun gidan zai iya ɗaukar ƙarin murhu, a nemi izinin hukuma. In za a haƙa ƙasa, a kira lamba 811 tukuna su zo su yi alamar inda wayoyi da bututai suka bi. Na ji haushin jiran, amma mutanen jihar nan ba sa wasa da gas, kuma suna da dalili. A 1937 wata makaranta a garin New London, nan Teksas, ta tarwatse saboda gas da ya taru ba wanda ya ji, mutum kusan 300 suka mutu, yawanci yara. Gas ɗin ba shi da wari, bayan wannan ne aka wajabta zuba masa sinadari mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai. Ni dai duk farkon bazara sai na shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo in ga ko zai yi kumfa, in kuma zura buroshi cikin bututan wuta, don gizo-gizo yana son saƙa a ciki. Murfi a buɗe ake kunnawa. In bai kama ba, a rufe gas a jira minti 5. Aibinsa da ba zan ɓoye ba shi ne a ɗaure yake kamar akuya a turke, iyakarsa tsawon tiyonsa, ƙafa 10. Kuma tunda bututu ba ya ƙarewa, wanda ya manta bai kashe ba zai ga sakamako a takardar wata. Na taɓa, sau ɗaya, uwar yara ba ta bar maganar ba har yau.

Batun ɗanɗano, a nan ka fi ni gaskiya, amma ba duka ba. Gas in yana ci yana fitar da tururin ruwa, garwashi kuwa busasshen zafi ne, shi ya sa bayan nama ya fi ƙamewa a kansa. Sai dai yawancin ƙamshin da kake cewa na garwashi ne, na kitse ne da ya ɗiga kan abu mai zafi ya tashi ya koma jikin naman. Masu ƙera murhu sun gane haka. Kamfanin Weber, wanda George Stephen ya fara da murhun gawayi mai murfi a 1952, shi ne a 1985 ya fito da na gas mai wasu karkatattun sandunan ƙarfe a kan wuta, kitse ya ɗiga ya ƙone ya yi hayaƙi ba tare da ya toshe wutar ba. In ina son ƙarin hayaƙi, ina zuba ɓarɓashin itace a ɗan akwatin ƙarfe in ajiye gefe. Duk da haka ina da ƙaramin murhun gawayi a gareji. In kewa ta taso, ranar da ba baƙi, shi nake fitarwa in zauna ina fifita da kwali, maƙwabcina yana leƙowa ta katanga yana tambaya ko lafiya.

A watan Fabrairun 2021, da sanyin nan ya kashe wutar lantarki a Teksas kwana da kwanaki, wannan janareton naka ne ya ciyar da gida uku. Ba ya buƙatar lantarki, batiri ɗaya ke kunna shi. A kansa muka dafa ruwan shayi da na alwala, ina tsaye a waje da safa biyu. A waje, don wasu da suka shigar da murhu ɗaki neman ɗumi hayaƙin da ba a gani ya kashe su.

Saura maganar ludayi. Yaya, tun yaushe gashin nama ya zama aikin mata? In ka ce na koma mahauci, na ji, na karɓa. A nan ma haka yake, murhun tsakar gida na maigida ne, har gasa suke yi a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda shekara ashirin da biyu ba ta ishe ku ku daina kiranta "Ba'amurkiyar" ba. Ta musulunta kafin in san ta. Ita ke raba naman layya kashi uku, ita ke tuna wace bazawara ce ba a kai wa ba, ita ta yi jinyar Hajiya wata biyu lokacin da ta zo asibiti, suna hira da hannu da 'yar Hausar da ta tsinta. Mahaifinta bai musulunta ba, muna masa addu'a. Amma shi ya fara cewa in sayi murhuna in daina amfani da na filin shaƙatawa, don ya san abin da ake gasawa a kai. In zai zo gidana ba ya kawo alade, ba ya kawo giya, ban taɓa roƙonsa ba. In an tada salla yakan karɓi abin juya naman ya tsaya a wurin wuta har mu sallame.

Ba zan ce maka ba mu canza ba. Ina soka wa kaza ma'aunin zafi in ga ta kai 165 a awon Amurka, wato 74 a naku, kuma na san Baba da zai gani da ya kau da kai. Autana in na ce ya kawo faranti da Hausa yakan kawo, amma da Turanci yake amsa mini, abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Su kansu yaran, a makaranta 'yan Afirka ne, in sun zo wajenku Turawa ne.

Saƙon naka ma babbar ce ta fara gani, ita ta karanta mini shi da ƙarfi a kicin, uwarta tana tsaye. Ta karanta tiryan-tiryan har ta zo kan "mijin ta ce", ta tsaya ta tambaye ni ma'anarsa. Na ce wannan sai Baffanta. Ta ce za ta kira ka ranar Asabar bayan azahar ɗinku, don haka ka bar wayarka a kunne.